Da Me Ƙudan Zuma Ke Jin Ɗanɗano?

Tambaya: Malam, ina da 'yan amya kaɗan. Nakan ajiye wa ƙudan zumana ruwa mai tsabta, amma sai in tarar sun bar shi sun taru a kan gurɓataccen ruwa. Shin suna jin ɗanɗano kuwa? In suna ji, da me?

Amsa: Suna ji, ɗan'uwa, kuma ba da baki kaɗai ba. Wurare uku ƙudan zuma ke ɗanɗana abu da su: siraran ƙahonnin nan biyu na kansa, dogon harshensa da sassan bakinsa, sai ƙarshen ƙafafunsa na gaba. A duk wuraren akwai wasu gasusuwa ƙanana, kowanne da ɗan rami a tsininsa. Da zarar ruwa ya taɓa ramin, jijiyoyin da ke cikin gashin sai su kai saƙo ƙwaƙwalwa. Wato kafin ya kai baki, ƙafar da ya sauka da ita a kan fure ta riga ta ba shi labari. Masu bincike sun daɗe suna amfani da wannan: a taɓa ƙahonsa da ɗigon ruwan sukari, nan take zai zaro harshe.

Zaƙi shi ne gwanintarsa, amma ba kowane zaƙi ba. Karl von Frisch, masanin ƙasar Ostiriya da ya sami lambar Nobel a 1973, ya gwada ire-iren sukari da dangoginsu guda 34, ya tarar 9 ne kawai ƙudan zuma ya ɗauka a matsayin zaƙi. Sukarin rake da ire-iren da ke cikin ruwan fure yana karɓarsu hannu bibbiyu. Sukarin madara kuwa, da sakarin (wani sinadarin zaƙi da ake haɗawa a masana'anta), ko a jikinsa. Ko a amya ɗaya ma ba a taru an zama ɗaya ba: masu ɗebo garin fure sukan amsa ruwan da zaƙinsa bai taka kara ya karya ba, masu ɗebo ruwan fure kuma sun fi tsada, sai zaƙin ya yi ƙarfi.

Batun ruwanka, gishiri ne. Wani bincike da aka yi a Tulus ta Faransa a 2014 ya nuna ƙafafun gaba suna da saurin jin gishiri ƙwarai. Ruwan da kake gani ƙazanta ne yana ɗauke da gishiri da ma'adinan da suke buƙata, yana kuma da warin da ke jawo su daga nesa. Ka ɗan barbaɗa gishiri a ruwan da kake ajiye musu, kaɗan fa, ka bar shi a wuri ɗaya har su saba.

Inda ƙudan zuma ke da rauni shi ne ɗaci, kuma a ganina wannan ya fi komai muhimmanci ga mai kiwo. Da aka karanta ƙwayoyin gadonsa a 2006, an sami masu kula da ɗanɗano 10 kacal, alhali na sansanar ƙamshi sun haura 160. Ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace ma yana da sama da 60. Bayanin da masana suka fi kawowa shi ne, fure kiran ƙudan zuma yake yi, ba korarsa ba, don haka bai buƙaci yawan tsaro a baki ba. Wani tsiron har wayo yake masa: furen kofi da na lemo suna sa ɗan kafeyin (sinadarin nan na kofi mai hana barci) a ruwansu, abin da ke ƙara masa tuna ƙamshin furen ya dawo.

Wannan raunin na ɗanɗano ne ke jefa shi cikin haɗarin maganin ƙwari. Masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun nuna a 2015 cewa ba ya jin ɗanɗanon wasu magungunan feshi dangin nikotin, har ma ya fi shan ruwan sukarin da aka sa musu su a ciki. Saboda haka kada ka zaci zai guje wa gonar da aka fesa. Ka roƙi manoman kusa da amyarka su guji feshi lokacin da amfani ke fure, in kuma ya zama dole, su bari sai da magariba bayan ƙudan sun koma amya.