Zauren Tambaya: Tsofaffin kuɗin da Iya ta bari a ƙasan adudu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba, da fatan kana lafiya ya iyali. Ni daga Daura nake rubutowa. Kakarmu Allah ya yi mata rasuwa bayan babbar sallah, to da muka zo fitar da kayanta sai muka tarar da wani ƙulli a ƙasan adudunta, tsofaffin kuɗi ne a ciki, wasu masu huji a tsakiya wasu kuma manya farare guda huɗu da hoton wata mata mai jiki an rubuta 1780. Wani mutum ya ji labari har ya zo gida sau biyu wai mu sayar mishi, yayana yana so a sayar ni kuma raina bai kwanta ba. Dan Allah Baba meye waɗannan kuɗi, kuma wai da gaske ne da can akwai masu sana'ar saye da sayar da su?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Iya ya sa ta huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Wallahi da na karanta saƙonki sai da na ajiye wayar na yi shiru na ɗan lokaci, domin kin tuna min da wani tsoho da ban yi zaton zan sake tunawa da shi ba.

Bari in fara da manyan fararen nan. Liyari kenan, haka iyayenmu ke kiransa. Matar da kika gani sarauniyar ƙasar Ostiriya ce, Mariya Teresa, ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da namu na nan sun riga sun yarda da kuɗin ba sa karɓar wani, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canzawa. Kin ga kenan 1780 ɗin da ke jiki ba ita ce shekarar da aka buga naku ba, zai iya yiwuwa an buga shi shekara ɗari ko fiye bayan haka. Amma azurfa ce ta gaske, kowane ɗaya nauyinsa giram 28 ne, azurfa zalla a ciki wajen giram 23. Ta hamada ya riƙa shigo mana a hannun fatake. Lokacin da Bajamushen matafiyin nan Barth, wanda ake ce wa Abdulkarim, ya ratso ta Katsina ya wuce Kano a 1851, liyari ɗaya wuri 2,500 ake canza shi, keso guda kuwa na wuri zambar ashirin ne, wato liyari takwas kacal ya tashi kayan da sai ƙato zai ɗauka. Shi ya sa mata suka riƙe shi a matsayin ajiya, a huda ko a yi masa kunne a rataya a wuya, ranar da ta ɓaci a cire ɗaya a kai wa maƙeri.

Masu hujin kuma na zamanin Turawa ne. Babban shi ne kwabo, mai bi masa shi ake ce wa ɗari ko sisin kwabo, wato rabin kwabo, ɗan ƙaramin kuma anini, guda goma ke yin kwabo ɗaya. Ki duba da kyau za ki ga tauraro mai tsini shida a baya, a gaba kuma har da rubutun Larabci don mutanenmu su iya karantawa. An fara fitar da su a 1907, kuma aninin farko da alminiyam aka yi shi, bai jure ba aka koma farin ƙarfe a shekarar da ta biyo baya. Har yau in mutum ya ce ba ni da ko anini, ko ka ji an ce soja ya samu anini a kafaɗa, daga nan maganar ta samo asali, yaran yanzu suna faɗa ba su taɓa ganinsa ba.

Zancen masu sana'ar kuwa, ƙwarai akwai su, na gan su da idona. Turawa suna da manyan tarukan baje kolin tsofaffin kuɗi, kamar wanda ake yi duk shekara a Balin ta Jamus, a zo da tebura da madubin ƙara girma da littattafan farashi. Mu namu baje kolin tabarma ce. Ina yaro a cikin birnin Katsina akwai wani tsoho ɗan koli da ke shimfiɗa a bakin kasuwa, gefe guda allura da kwalli da tsakiya da madubi, ɗaya gefen kuma wata tsohuwar tasa cike da kuɗin da aka daina karɓa. Da sallah ta matso sai ka ga irinsa sun ƙaru, daga Kano wasu daga Maraɗi da Damagaram, saboda baƙin da ke zuwa kallon hawa, Turawa malaman makaranta da ma'aikata su tsuguna suna tona tasa suna ciniki da gurguwar Hausa. In an watse su kuma dillalan su zauna su yi musaya a tsakaninsu, wannan ya ba da taro (kuɗin kwabo uku) guda uku ya karɓi fataka (kuɗin sule biyu) ɗaya, ana yi ana gardama kamar za a yi faɗa, ƙarshe a tashi a yi salla tare.

Tsohon nan bai yi boko ba ko na kwana ɗaya amma kunnensa ya fi sikeli. Yana da wani ɗan dutse sumul a gefen ƙafarsa, in an kawo masa sule sai ya sake shi a kai ya karkata kai yana saurare. In ya yi ƙara siririya mai ja, sai ya ce wannan na farko ne mai azurfa. In ya yi ƙwal ya mutu, sai ya miƙa maka abinka ya ce ɗana wannan tagulla ce. Sai da na girma na gane gaskiyarsa, domin sulallan da aka fara bugawa a 1913 masu hoton bishiyar kwakwar manja azurfa ne, daga 1920 aka koma yin su da jan ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Kuma bai taɓa sayar maka da kuɗi bai ba ka labarinsa ba, ya ce wannan da shi aka biya haraji zamanin Sarki Dikko, wannan na shekarar da gyaɗa ta yi kuɗi ne. Ranar da aka canza kuɗi zuwa naira da kwabo, 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu sule ya koma sabon kwabo goma, a watannin nan tasarsa har ta cika ta zube, tsofaffin mata na kawo masa abin da suka tono daga tukunya. Da yawa maƙeran farfaru suka narke suka yi zobba da awarwaro, masu hujin kuma na ga magina suna sa su a ƙarƙashin ƙusa wajen rufin kwano. Abin yana min ciwo har yanzu, da hannunmu muka ƙarar da su.

To shawarata 'yata, da farko wannan ƙullin gado ne, ba naki ba ne ke kaɗai ba kuma na yayanki ba ne, a sanar da duk magada kafin a taɓa ko ɗaya. Na biyu kar ki wanke su, kar a goga toka ko lemun tsami ko omo, wannan duhun da ke jiki masu saye na ƙwarai shi suke so, wankewa rage musu daraja take. Ki kai liyarin wajen maƙerin azurfa da kuka yarda da shi ya auna a gabanki, ki ji farashin giram a ranar, a nan za ki san ko mai zuwa gidan nan yana da gaskiya. In son samu ne ma ku bar ko guda ɗaya a gida, jikokin Iya su taɓa abin da ta taɓa.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Katsina, ina da kwabo mai huji na 1936 an rubuta Edward, abokaina sun ce akwai sinadarin makyuri a ciki wai yana jan shinkafa kuma ana sayensa miliyoyi. Gaskiya ne?

AMSA: Ɗana ba gaskiya ba ne, babu wani makyuri a ciki, jan ƙarfe ne aka gauraya da nikel. Wannan zancen na 'yan damfara ne, irin wanda suka yi a kan dutsen guga mai zakara da tsohon keken ɗinki, za su ce ka kawo kuɗin gwaji ko kuɗin sinadari daga nan ka neme su ka rasa, na san gidan da aka sayar da akuya uku saboda wannan. Amma kwabonka yana da labari mai daɗi. Edward na takwas bai cika shekara a sarautar Ingila ba, ya hau a Janairun 1936 ya sauka a Disamba saboda matar da yake son aure, a can ƙasarsu ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma mu nan Afirka ta Yamma an riga an bugo an kawo mana. Sai dai an buga su da yawan gaske shi ya sa ba su da tsada. Ka duba kusa da hujin ko ƙasan tauraron da kyau, in ka ga ƙaramin harafin H ko KN to alamar masana'antar da ta buga shi ce a Bamingam ta Ingila. Ka samu ɗan ƙyalle mai tsabta ka naɗe shi, in ka samu sarari kuma ka leƙa gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina ka nuna wa ma'aikatan, ka rubuto min harafin da ka gani a jikin naka.