Ɗinka jaket irin na masu babur a gida: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙu biyar na ware a wannan makon, duk a kan jaket ɗin nan na fata mai zif a karkace da faffaɗar kwala.

Wata 'yar'uwa ta rubuto: "Anti, na sayi takardar yanka ta wannan jaket, da na buɗe na ga guntaye sun fi ashirin, sai gabana ya faɗi. Wata shida ke nan da na fara taka keke. In haƙura ne?"

Ƙanwata, kada ki haƙura, kuma faɗuwar gaban nan ba laifi ba ce. Yawan guntayen bai kai wahalar da kike tsammani ba, yawancinsu bakin aljihu ne da shafi da ɗan ɗaurin kafaɗa. Wuri uku ne ke ba da wuya: zif ɗin gaba, kwala, da haɗa hannu. Gaban dama da na hagu ba iri ɗaya ake haɗa su ba, don haka ki rubuta sunan kowane gunto a bayansa da alli tun kina yanka. Karkacewar zif ɗin ma da dalilinta. Tun 1928 da mai ɗinka jaket Irving Schott ya fito da samfurin wannan jaket mai suna Perfecto a birnin New York, an yi gaban ninki biyu ne don ya tare iska a ƙirjin mai tuƙi idan ya sunkuya. Abin da nake roƙonki shi ne kada almakashinki ya taɓa fata sai kin ɗinka na gwaji da yadi mai arha mai ɗan kauri, kin saka, kin miƙa hannuwa gaba, kin ji ko bayan yana ɗaure ki. Ni da zan zaɓa miki, na farkon ma ki yi shi da yadin jins ko kaki mai nauyi. Zai yi kyau, za ki saka shi, kuma idan kin yi kuskure kina iya farkewa.

Wani ya ce ya buga takardar yankan da ya sauke daga intanet, amma hannun ya ƙi shiga mazauninsa. Malam, akwai ɗan murabba'i na gwaji a shafin farko, an rubuta girmansa a jiki. Ka auna shi da tef? Na san ba ka auna ba. A buga a kan kashi 100, kada a bar na'ura ta daidaita shi da girman takarda. Ka kuma duba ko an bar rarar ɗinki: takardun yanka da yawa suna barin santimita 1.5, amma na cikin mujallar ɗinki ta Burda kai ne za ka ƙara da kanka.

Wasiƙa ta uku ita ce ta tsaya mini a rai. Wani matashi ya ce: "Na sayi yadi huɗu na fata, mai kayan ya warware mini daga bandir, ya rantse fatar gaske ce. Wace allura zan sa?"

Ɗana, kafin allura, zauna mu yi magana. Ba fata aka sayar maka ba. Dabba ba ta zuwa a bandir. Fatar gaske tana zuwa ne da siffar abin da aka feɗe, da wuya da ciki da wajen ƙafafu, gefenta ba a miƙe ba, kuma da ƙafa murabba'i ake aunata. Duk abin da aka warware maka mai faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe, masana'anta ce ta yi shi. Juya bayansa ka gani: idan ka ga saƙa irin ta yadi, roba ce aka shafa a kan ƙyalle, ko PU ko PVC. Bayan fatar gaske kuwa gashi-gashi ne mai laushi, kuma idan ka dubi bakin yankan ba za ka ga hawa biyu ba. Akwai kuma wadda ta fi ba ni haushi, wadda ake niƙa ragowar fata a kwaɓa da gam a matse, a shafa mata roba a sama, sannan a riƙa cewa ai da fata a ciki. Tana ɗan warin fata, shi ya sa take rudar mutane, amma ita ce ta fi saurin fashewa a gwiwar hannu.

Ba ina cewa roba haramun ba ce. Wanda ya saya da saninsa, a kan kuɗin roba, bai yi asara ba, kuma ta fi sauƙin ɗinki. Amma ya sani cewa PU tana da wa'adi. Danshi da zafi suna cin shafin saman a hankali, ko da an rataye ta ba a sakawa, wata rana sai ka ga tana ɓarewa a wuya da kafaɗa, kuma babu man da ke mayar da ita. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a karɓi kuɗin fata a ba mutum roba, ya kwashe makonni yana ɗinki da dare, bayan 'yan shekaru rigar ta koma tsumma. Rantsuwar mai kaya ba ta kai juya bayan kayan ba. Kada kuma ka ce za ka gwada da ashana, hayaƙin PVC guba ne. Ɗigon ruwa ma ba shaida ba ne, don fatar gaske da aka yi wa fenti ba ta shan ruwa nan take.

Haka zancen zif yake. Mutum ya kashe kuɗi a kan fata, ya zo kan zif ya tsuke hannu, alhali shi ne abin da zai ja kullum. Jaket ɗin nan yana cin zif biyar ko fiye idan an haɗa da na aljihu da na bakin hannu. Na gaba dole ya zama mai rabuwa a ƙasa, mai haƙoran ƙarfe, lamba 5 ko sama. Sunan kamfanin zif na YKK na Japan ya yi kyau, shi ya sa masu jabu suke buga shi a kan nasu. Kada harufan su ishe ka. Ka ja shi sama da ƙasa sau goma a gaban mai sayarwa, ka raba shi ka mayar. Canza zif a jikin fata ba kamar a yadi ba ne, duk inda allura ta huda ramin ya zauna ke nan har abada.

Yanzu allurarka. Tunda roba ce a hannunka, kada ka sa allurar fata, bakinta kamar wuƙa yake, zai yanke saƙar bayan. Sa allurar jins lamba 90. Mai fatar gaske shi ne zai nemi allurar fata, 90 ko 100. Ku duka ku buɗe takun ɗinki zuwa milimita 3 ko 4, don taku ƙanana suna mayar da layin kamar takardar da aka huhhuda don yagewa. Zaren polyester, ban da na auduga. Ban da fil, a kama da 'yan matsi. Idan ƙafar keke tana maƙalewa, a sa ta Teflon, wato mai santsi. Dutsen guga kada ya taɓa fuskar kayan.

Wani kuma yana tambaya ko zai iya manna guntayen duka da gam, don ba shi da keke. A'a. Gam na kwantar da bakin ɗinki ne bayan an ɗinka. Ka nemi keke ko ka kai wa tela.

Ta ƙarshe daga wata uwa ce: ɗanta ya fara hawa babur, tana so ta ɗinka masa don ya kare shi idan ya faɗi. Hajiya, na ji tsoron da ke cikin wasiƙarki, Allah ya tsare miki shi. Amma ba zan ɓoye miki ba, abin da keken gida zai iya ɗinkawa ba zai tare kwalta ba. Keken gida yana jin daɗin fatar tunkiya mai kaurin da bai kai milimita 1 ba. Rigunan kariya kuwa ana yin su da fatar saniya mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4, da ɗinki ninki-ninki, da garkuwa a kafaɗa da gwiwar hannu da baya. A Turai ana gwada su a kan ƙa'idar EN 17092, a ba su daraja kamar A, AA ko AAA, kuma ana ɗinka alamar a cikin rigar. Ki ɗinka masa na ado da hannunki, zai ji daɗinsa. Na hawa kuwa ki saya masa mai wannan alamar, ki duba ta da idonki, kuma hular kwano ta riga jaket ɗin shiga gida.