Filin Tambayoyinku: Oganik, Nachural Da Sauran Rubutun Da Ke Jikin Kwalbar Farar Giyar Inabi

Tambaya: Anti barka da aiki, dan Allah ina da tambaya amma kar ki min dariya. Ni a sito na wani otel nake aiki, nine mai karɓar kaya da rubuta oda, toh kwanan nan manaja yace baƙi suna yawan tambayar farar giyar inabi wadda take oganik, wasu kuma suce nachural suke so, akwai ma wata mata da tace ita sai wadda aka noma ba tare da an cutar da muhalli ba. Kawai ya miƙo min katalog ɗin dila yace in zaɓo, ni kuma wallahi ban taɓa kai abin nan bakina ba balle in san bambancinsu, duk kwalaben iri ɗaya nake ganinsu sai dai wata an zana mata ganye wata tsuntsu. Shin duk abu ɗaya ne ko da bambanci, kuma ta yaya zan gane na gaske kar dila ya yi min sakiyar da ba ruwa?

Amsa: Ƙanena ba abin dariya a nan, ai ko masu shan abin da yawansu basu san bambancin ba, zanen ganyen kawai suke biya wa kuɗi. Abubuwa uku ne manajanka ya haɗa maka a buhu ɗaya, kuma a cikin ukun guda ɗaya ne kawai doka ta tsaya masa da gaske, shine oganik.

Oganik maganar gona ce tun farko. Manomin inabin baya zuba takin zamani, baya feshin maganin ciyawa ko na ƙwari irin na kamfani, kuma ba wai yau ya daina gobe a bashi takarda ba, sai gonar ta yi shekara 3 a haka ana zuwa ana dubawa kafin a yarda ya kira inabinsa oganik. A ƙasashen Tarayyar Turai tun 2012 dokar ta wuce gona ta shiga har ɗakin da ake matsar inabin ana tsima shi, kafin nan abin da suke iya rubutawa kawai shine giya ce da aka yi da inabin oganik. Toh abin da zaka nema a kwalba shine wani ɗan tambari kore mai siffar ganye da aka yi da taurari farare guda 12, kuma kusa da shi dole akwai lambar hukumar da ta duba gonar, kamar FR-BIO-01 idan daga Faransa ne, na Italiya zaka ga IT-BIO, na Sifen ES-ECO, na Jamus DE-ÖKO. Wannan lambar ita ce abin dubawa, don ganye dai kowa zai iya sa a zana masa, ni na taɓa riƙe kwalbar da aka cika ta da hoton kurangar inabi da ƙudan zuma da rana tana fitowa, na juya ta gaba da baya ko lamba ɗaya babu.

Na Amurka kuma sai ka yi hattara don nasu tsarin daban yake. Idan kaga tambarin USDA Organic a kwalba to ba a ƙara mata sinadarin hana lalacewa da ake kira salfait ba sam, idan kuma an rubuta cewa da inabin oganik aka yi ta to an yarda a ƙara amma duka kar ya wuce miligiram 100 a lita. A Turai kuwa farar giya marar zaƙi tana iya kai miligiram 150 a lita kuma sunanta oganik, wadda ba oganik ba 200. Kaga kenan kwalbar da take oganik a Faransa idan ta tsallaka Amurka sai an sauya mata rubutu. Shi salfait ɗin nan sinadari ne da ake sawa don kar abin ya lalace ko ya canja kala, kuma farar ta fi jar buƙatarsa saboda ita ana cire ɓawon inabin da wuri, shi kuwa ɓawon yana ɗauke da abin da yake kare jar daga iska. Shi yasa a doka ma jar an bata ƙasa, 100 ga oganik 150 ga sauran.

Wani abu da dilan bazai gaya maka ba, oganik fa ba wai ba a feshi bane kwata-kwata. Kurangar inabi tana da wata cutar fumfuna da take cin ganye idan damina ta yi yawa, kuma manomin oganik da jan ƙarfe da farar wuta yake yaƙarta, wani haɗi ne na jan ƙarfe da farar ƙasa da aka gano a yankin Bodo na Faransa tun wajen 1885 har yau shi ake amfani da shi. Matsalar jan ƙarfe baya narkewa ya ɓace, taruwa yake a ƙasa shekara da shekaru har ya dami tana da sauran ƙananan halittun da ke gyara ƙasar, shine Tarayyar Turai daga 2019 ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara 7, wato kamar kilo 4 a shekara. Ban faɗi wannan don in kushe oganik ba, nidai a ganina yafi feshin kamfani sauƙi ga ƙasa da ma'aikatan gona, amma in baƙo ya tambayeka kar kace masa ba a taɓa fesa komai ba.

Sai nachural, nan ne kasuwar bukata take. Babu wata doka a Turai ko Amurka da ta fayyace me ake nufi da kalmar, kowa da yadda ya ɗauke ta. Asalin masu abin wasu manoma ne a yankin Bojole na Faransa a shekarun 1980, irinsu Marcel Lapierre da suka bi koyarwar wani masani Jules Chauvet, su abin da suke so shine a matse inabi a barshi ya tsimu da yis ɗin da yake jikin ɓawonsa, kar a zuba yis na leda, kar a ƙara suga ko tsami, kar a tace sosai, salfait kuma ko kaɗan ko babu. Masu yi da gaskiya suna nan kuma suna shan wahala, amma tunda kalmar bata da mai gadi manyan kamfanoni ma sun shigo suna mannawa. A 2020 ne wata ƙungiyar manoma a Faransa ta samu aka amince mata da tambarin Vin Méthode Nature, sharaɗinsu inabin ya zama oganik, a tsinke shi da hannu, yis na jikinsa, salfait kar ya wuce miligiram 30 a lita. Idan kaga wannan toh akwai wanda ya duba. Idan babu sai ka tambayi dila sunan gonar da kuma ko tana da takardar oganik, in ya fara kame-kame ka wuce shafi na gaba.

Kuma tunda kaine mai sito ga abin da ya shafeka kai tsaye, ita farar nachural bata da juriya. Zaka ganta da ɗan duhu-duhu kamar ba a tace ba, wani lokaci da gari-gari a ƙasan kwalba, wannan ba lalacewa bane haka take, amma zafi yana kashe ta da wuri fiye da sauran har wata ta sake tsimuwa a cikin kwalba ta tunkuɗo murfi. Ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu, musamman masu farar kwalba don haske ma yana ɓata su, kuma kar ka yi odar katan-katan, ka fara da kaɗan kaga yadda take tafiya. In kaga wata an kirata oranj kar ka zata da lemo aka yi, farin inabi ne aka barshi da ɓawonsa ya tsimu har ya yi kalar zuma, mutanen ƙasar Jojiya sun daɗe suna yi a cikin manyan tulunan ƙasa da suke binnewa.

Zaka kuma ci karo da tambarin Demeter ko Biodyvin, waɗannan su ake kira bayodainamik, oganik ne da ƙari. Tushensu laccocin wani ɗan Ostiriya Rudolf Steiner a 1924, har da cusa kashin shanu a ƙaho a binne a tono bayan watanni a fesa, da bin kwanan wata wajen shuka da yanka. Ni maganar watan nan bata shige ni ba gaskiya, amma dai binciken gonar da suke yi mai tsanani ne, wanda ya samu tambarin ya cika sharaɗin oganik ya wuce.

Ita kuma baƙuwarka mai maganar muhalli abin da take nufi ya fi faɗi, ya haɗa da ruwan da aka kashe, da wutar lantarki, da shara, wani tsarin har da yadda ake biyan ma'aikata, sai dai akasari basu hana feshin kamfani ba, ragewa kawai suke cewa a yi. Niyu Zilan tana da nata tsarin tun 1995 kuma sama da kashi 90 na gonakin inabin ƙasar suna ciki, don haka kusan duk farar giyar da ake kira Sauvignon Blanc da ta fito daga can zaka ga tambarin. Afirka ta Kudu suna manna nasu a wuyan kwalba da lamba, Faransa suna da HVE, Kalifoniya suna da SIP da Lodi Rules. In kana son ka burge matar nan ka ɗaga kwalbar ka ji nauyinta, don babban kaso na hayaƙin da sana'ar take fitarwa daga gilashin ne da jigilarsa, akwai kwalbar da ba komai a ciki bata fi giram 400 ba akwai mai kai 900, duk kuma mililita 750 ɗin dai suke ɗauka, nauyin na burga ne kawai.

Tambaya: Anti ni kuma wata ƙawata ce tace min wai in dai giyar oganik ce bata da illa kuma bata sa ciwon kai, wai sinadarin da ake zubawa ne matsalar. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar uwa ki gaishe min da ƙawar taki kice Anti tace a'a. Barasar da ke cikin ta oganik ita ce dai a cikin sauran, kashi 11 zuwa 14 galibi, hanta bata karanta tambari. Hukumar binciken ciwon kansa ta duniya ta saka barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo ciwon kansa tun 1988, kuma a farkon 2023 hukumar lafiya ta duniya ta fito ta ce babu wani adadin sha da za a kira marar haɗari. Shi salfait da ake ɗora wa laifi, masu asma wasunsu yana tayar musu da ita da gaske shi yasa doka ta ce in ya wuce miligiram 10 a lita dole a rubuta, amma busassun 'ya'yan itace irin wanda ake sa wa salfait don kar su yi baƙi sun ninka giya yawansa sau da yawa kuma ba a jin masu cinsu suna kuka da kai washegari.

Tambaya: Salam Anti. Ni bana shan giya, amma ina ganin wasu kwalabe an rubuta farar giyar inabi marar barasa, wasu kuma ruwan inabi, harma da khal na farar giya. Naso in saya don baƙi sai na ji tsoro, dan Allah ki warware min.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata, kin kyauta da kika tsaya tambaya don ukun nan hanyarsu daban-daban. Ruwan inabi matsewa ake a dafa shi sama-sama a rufe tun kafin yis ya fara aiki, bai taɓa zama giya ba, wani likitan haƙori a Amurka Thomas Welch ne ya fara yin haka a 1869 don cocinsu su samu abin sha marar sa maye. Wadda aka ce marar barasa kuwa giya ce cikakkiya aka fara yi, daga baya aka cire barasar da inji, ko ta hanyar dumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska ko a tace ta da wata matata mai ƙananan ƙofofi, kuma a dokar Turai ko da saura har kashi 0.5 ana iya kiranta wadda aka cire wa barasa. Don haka ki duba lambar da kyau, 0.5 daban 0.0 daban, kuma ko 0.0 ɗin ce asalinta dai giya ce, in asalin ne damuwarki toh ruwan inabi zaki ɗauka hankalinki kwance, akwai ma mai gas a kwalba mai kyau in don fita kunyar baƙi ne.

Khal ɗin shima daga giya ya fito, wasu ƙwayoyin bakteriya ne suke cinye barasar su mayar da ita tsami, yawanci tsaminsa kusan kashi 6 ne. Kar ki haɗa shi da farin khal na yau da kullum mai kama da ruwa, shi wancan daga barasar hatsi ko rake ake yinsa kuma ya fi kaifi. In na oganik kike so dubawar ɗaya ce da wadda na gaya wa mai sito a sama, ki juya kwalbar ki nemi koren ganyen da lambar da ke kusa da shi, in kinga wani abu kamar yana-yana yana yawo a ƙasan khal ɗin kar ki zubar, uwar khal ce, alamar ba a tace shi bane.