Tambaya da Amsa: Furosesa ce ta gaji, ko katin hoto ne?

Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata ta tebur tana da Ryzen 5 3600, ram giga 16 da katin hoto RTX 3060 Ti. A sababbin gem tana ɗan daskarewa, musamman idan na shiga gari mai cunkoson jama'a a cikin wasan. Abokaina sun ce in sauya furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi. Ita ce matsalar?

Wa alaikumus salam. Wataƙila abokanka sun yi gaskiya, amma kada ka fitar da kuɗi a kan "an ce". Kwamfutar da kanta za ta gaya maka inda ke yi mata ciwo, cikin minti goma.

Sauke manhajar MSI Afterburner, wadda ke zuwa tare da RivaTuner, ka saita ta ta riƙa nuna maka abu uku a kusurwar allo: yawan hotunan da ake zanawa a daƙiƙa, kason aikin katin hoto, da zafin furosesa. Kashe V-Sync (saitin da ke ɗaure gudun hoto da na allo) da duk wani ƙayyade gudun hoto, sannan ka koma daidai wurin da wasan ke daskarewa. Idan katin yana aiki kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari, shi ne ya kai maƙura, sabuwar furosesa ba za ta ƙara maka abin a zo a gani ba. Idan kuwa yana zaune a kashi 60 ko 70 alhali hoton na tsinkewa, to jiran furosesa yake yi. Gwaji na biyu ya fi wannan sauƙi: sauko da girman hoto daga 1440p ko 1080p zuwa 720p. Gudu ya tashi sosai, laifin katin ne. Bai motsa ba, furosesa ce.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne su ga an rubuta furosesa na aiki kashi 40 kacal su ce ai hutawa take yi. Wannan lissafi matsakaici ne. Taka tana da cibiyoyin aiki 6, wato ƙananan furosesa a cikinta, da zare 12, wato layukan aikin da take gudanarwa lokaci guda, kuma gem da yawa suna jibga babban aikinsu a kan zare ɗaya ko biyu. Zare guda ya cika fal, sauran na hamma, wasan ya tsaya, lissafin kuma ya nuna komai lafiya. Ka kuma lura da adadin da ake kira kashi 1 mafi ƙasa, wato gudun hoto a lokutan da wasan ya fi jinkiri. Mai son hoto 60 a daƙiƙa yana bukatar a gama kowane hoto cikin milidaƙiƙa 16.7, guda ɗaya ya ɗauki 50, ido zai gani ko da matsakaicin ya yi kyau.

Kafin ka yanke wa furosesar hukunci, duba ram. Sanda biyu ne na giga 8, ko ɗaya ne na 16? Sanda ɗaya yana rage faɗin hanyar bayanai zuwa rabi. A madabod (babban faifan da ake dasa duk sassan kwamfuta a kai) mai ramukan ram huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake cikawa. Shiga BIOS, wato manhajar saitin madabod, ka tabbatar an kunna XMP, saitin da ke sa ram ya yi cikakken gudunsa, don ram ɗin da aka rubuta wa gudun 3200 yakan zauna a 2133 ko 2400 idan ba a kunna ba.

In duk wannan ya nuna furosesa ce, ka yi sa'a. Soket ɗinka, wato mazaunin furosesa a kan madabod, AM4 ne, kuma akasarin madabod na B450 da B550 suna karɓar jerin Ryzen 5000. Ryzen 7 5800X3D ta 2022 da ƙanwarta 5700X3D ta 2024 suna da ma'ajiyar kusa ta L3 mai mega 96, taka kuwa 32 gare ta. Wannan ma'ajiya ce ke rage yawan zuwa ram neman bayani, kuma a irin wurin cunkoson da ka ambata ake ganin amfaninta. Ba sai ka sauya madabod ko ram ba.

Malam, sabuwa zan haɗa daga tushe, don gem kawai. Intel ko AMD? Kuma gaskiya ne wadda ta fi yawan cibiyoyi ita ta fi?

Ba gaskiya ba ne a harkar gem. Cibiya 6 ta zamani ta ishi yawancin wasanni, 8 kuma ta ba ka sarari. Masu 12 da 16 na masu tace bidiyo ne da masu harhaɗa manhaja. Ryzen 7 7800X3D mai cibiya 8 takan wuce waɗanda suka fi ta yawa da tsada a wasanni da dama. Haka ma yawan gigahaz, ma'aunin gudun furosesa: ana kwatanta shi ne tsakanin 'yan zamani ɗaya kawai, don furosesar bana mai 4.5 tana iya yin aikin da ta shekara bakwai baya ba za ta yi ba ko da lambarsu ɗaya.

Abin da muke ba ka shawara ka fara dubawa shi ne soket, domin shi ne zai ɗaure ka shekaru. AM5 ya fito a 2022, ram irin DDR5 kaɗai yake ci, kuma AMD ta ce za ta ci gaba da yi masa furosesa har 2027 ko fiye. A ɓangaren Intel, LGA1700 ya ɗauki zamani na 12, 13 da 14, nan ya tsaya. Core Ultra 200S na 2024 sun koma LGA1851. Mai sayen LGA1700 yau ya san cewa ƙarshen layi ya shiga, ko da yake akwai madabod ɗinsa masu cin DDR4 ga wanda ke da tsohon ram. Wanda ya zaɓi zamani na 13 ko 14, musamman Core i7 da i9, ya sabunta BIOS tun ranar farko: Intel ta amince a 2024 cewa yawan ƙarfin wuta na lalata wasu daga cikinsu a hankali, ta fitar da gyara, ta ƙara shekara biyu a garanti.

Harafin ƙarshen suna ma yana magana. F na nufin babu na'urar hoto a ciki, dole sai da kati. K a Intel na nufin ana iya ƙara mata gudu, amma sai a madabod na jerin Z. A ganinmu, in kuɗi ya yi tsaka-tsaki, ɗauki furosesa mai cibiya 6 ka zuba ragowar a katin hoto. Musamman mai wasa a 1440p ko 4K, nauyin na kan katin ne.

Na sa sabuwar Ryzen 5 5600 a tsohon madabod ɗina na B450. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Ta lalace ne?

Da wuya. Kusan kullum BIOS ne bai san ta ba. Mayar da tsohuwar, shiga shafin kamfanin madabod, duba jerin furosesar da yake karɓa da lambar BIOS ɗin da ake bukata, sabunta, sannan ka sake sauyawa. Wasu madabod suna da maɓallin sabuntawa a baya da ke aiki da filas ko babu furosesa. Ka kuma tabbatar wayar allo a katin hoto take, ba a madabod ba, domin 5600 ba ta da na'urar hoto.

Wajen cirewa, kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi tukuna, ka kashe, sannan ka murɗa abin sanyaya hagu da dama kafin ka ɗaga. In ka fizge shi a sanyi, busasshen man da ke tsakani yakan manne ya fito da furosesar daga soket, allurorinta su lanƙwashe. Daidaita ƙaramin alamar kusurwa uku da ta soket, ta zauna da kanta ba dannawa. Goge tsohon mai, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, kuma cire ledar da ke ƙarƙashin sabon abin sanyaya. Mantuwa da ita kaɗai kan kai zafi digiri 90. Mai BitLocker, wato makullin faifan ajiya na Windows, ya adana mabuɗin ceto kafin ya fara, don sauya furosesa kan sa Windows ya nema.

Ina da Core i5-7400. In ƙara mata kati mai ƙarfi ko in haƙura?

Haƙura. Cibiya 4 ce da zare 4, ta 2017, kuma iyakar abin da madabod ɗinka zai ɗauka shi ne Core i7-7700K. Windows 11 a hukumance daga zamani na 8 yake farawa, Windows 10 kuma tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Furosesa, madabod da wataƙila ram za su tafi tare. Akwati, faifan ajiya da na'urar ba da wuta in tana da lafiya za su iya bin ka sabon gida.