Haƙorin kifin anbar mai zane a jiki: na gaske ne?

Tambaya: Malam, yayana ya dawo daga Amurka da wani haƙori mai tsawon tafin hannu, an zana jirgin ruwa a jikinsa. Mai kanti ya ce masa na kifin wel ne, kuma ya haura shekara 100. Yaya ake wannan aiki, kuma yaya za mu gane na gaske ne?

Amsa: Malama, in na gasken ne, haƙorin wel ne, babbar dabbar tekun nan da ake samun turaren anbar a hanjinta. Manyan haƙoranta duk a muƙamuƙin ƙasa suke. Sana'ar zane a haƙori ta bunƙasa a ƙarni na 19 a hannun mafarautan teku na Nantuket da Niyu Bedfod, a jihar Masachusets. Man wel suke nema don fitilu, kuma tafiya ɗaya takan ci shekara 3 ko 4. Makonni sukan wuce ba a ga ko wel ɗaya ba, sai mutum ya ɗauki haƙori ya rage zaman banza.

Haƙorin yana zuwa da kaushi. Sai a kankare shi da wuƙa, a goge da fatar kifin shak har ya yi sumul. Sannan a ɗauki allurar ɗinkin filafilan jirgi a karce zane, layi bayan layi, alhali jirgin da suke ciki na tangaɗi. Wanda bai iya zane ba yakan manna hoton mujalla, ya bi shi da ɗigon allura. Daga nan a shafa baƙin hayaƙin fitila a share, baƙin ya zauna cikin karcen kaɗai. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da yawa don iyali aka yi su: mata, uwa, budurwa. Da ƙashin muƙamuƙi kuwa sukan yi sanda da abin naɗe zare.

Na jabu sun cika kasuwa, yawancinsu roba ce aka zuba a mazubi mai siffar haƙori. Ki juya gindinsa: na gaske yakan zo da rami mai zurfi inda jijiya take, yana da nauyi da sanyi a hannu. Ki sa gilashin ƙara girma. Karcen hannu ba ya zuwa daidai wa daida, a roba kuwa za ki iya ganin ƙananan kumfa. Kada ki soka masa allura mai zafi kamar yadda wasu ke cewa, ɓata shi za ki yi.

Ki kuma faɗa wa yayanki ya adana takardar sayensa. Amurka ta taƙaita cinikin tun 1972, yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji kuma ta hana tsallaka iyaka da shi ba izini.