Gidan Baba ya tsufa: in rushe ko in gyara, kuma ta ina zan fara?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana ƙaramin gida a rukunin gidajen Shagari a nan Kano, ɗaki uku da falo, ginin 1982, ba bene ba ne. 'Yan'uwana sun yarda in shiga da iyalina. Silin ɗin falo duk ya yi taswirar yoyo, fentin ƙasan bango yana ɓarewa, akwai tsaga a ɗakin baya, kuma in aka jona dutsen guga sai fitilu su yi ƙasa. Na tara kusan naira miliyan 12. Maiɗakina tana son tayil da silin na POP, wani magini kuma ya ce in rushe kawai in tada sabo. Ina neman shawara.

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya albarkaci abin da ya bari.

Daga abin da ka zayyana, ban ga dalilin rushewa ba. Yoyo da ɓarewar fenti da tsohon wayarin duk ciwo ne mai magani. Abin da ke kai gida ga rushewa shi ne lalacewar fandisho, kuma wannan sai an duba a gani, ba a yanke shi da baki daga bakin ƙofa. Maginin da ya ba ka shawara wataƙila da zuciya ɗaya ya faɗa, amma kada ka manta sabon gini ya fi masa tsoka. Kuɗin da ke hannunka kuwa, in ka rushe, da wuya su kai ka rufi. Sai ka wayi gari ba tsuntsu ba tarko, kana biyan haya kana kallon kango.

Kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, akwai kalmar da ta tsaya mini a wasiƙarka: "sun yarda in shiga". Yarda a shiga daban, mallaka daban. In ba a raba gado ba, ku raba, ko a kira masu ƙima su yi wa gidan kuɗi yadda yake yanzu da yoyonsa da tsagarsa, a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Yau kanku a haɗe yake, amma gidan da ka zuba wa miliyan 12 ba shi ne gidan da Baba ya bari ba, kuma 'ya'yanku ne za su gaji lissafin. Ka kuma binciki takardun gidan a KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano. In gyaran zai taɓa fasalin ginin, kamar ƙarin ɗaki ko shago a gaba, sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar.

To, mu shiga gidan.

Babban abokin gabar tsohon gida ruwa ne, wanda ke saukowa daga sama da wanda ke tasowa daga ƙasa. Duk abin da ka lissafa, in ka cire maganar fitila, aikin ruwa ne ko ɗan'uwansa. Don haka tsarin aikin shi ne a tare ruwa tukuna, sannan a yi abin da ake binnewa cikin bango da ƙasa, ado ya zo a ƙarshe. Mutanenmu kan juya wannan tsari, su fara da abin da baƙo zai gani, damina ɗaya ta zo ta cinye.

Da so samu ne ka je gidan ana tsaka da ruwan Agusta, ka tsaya da lema ka ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. In lokacin ya wuce, taswirar silin da koren gansakuka a jikin katanga za su ba ka labari. Ka sa kafinta ya hau cikin silin da tocila da sukudireba, ya riƙa soka katakon rufin ɗaya bayan ɗaya, musamman inda ya zauna a kan bango. Katakon da gara ta ci yakan yi kyau a ido, amma da an soka sai ƙarfen ya nutse kamar cikin burodi, gari ya zubo. In wanda ya lalace kaɗan ne, a canza shi a bar sauran, domin katakon wancan zamani sau da yawa ya fi ɗanyen da ake sayarwa yanzu ƙwari. In ya kai rabi, a sauke duka. Sabon katako a tabbatar ya bushe, a jiƙa shi da maganin gara sosai kafin a ɗora. Kada ka dogara da baƙin man mota da wasu kafintoci ke shafawa.

Wajen sayen kwano, in za ka sa dogon kwanon alminiyom, ka nemi mai kaurin milimita 0.55, in aljihu ya ƙi to 0.45, kada ka sauka ƙasa da haka. Ka je da wanda zai auna a gabanka, don abin da aka rubuta a rasit ba kullum ne yake daidai da abin da aka ɗora a mota ba. A ɗaure katakon rufin da bango da ƙarfe, saboda iskar farkon damina ba ta tambayar tsadar kwano. Sannan ina roƙonka kada ka bi yayin nan na yanke bakin rufi a tada bango a ɓoye kwano. Bakin rufin da ya fito waje shi ne malafar gidan, yana kare bango daga feshin ruwa, yana kuma ba taga inuwa a zafin Afrilu. Ɓoyayyen rufi kuwa indararonsa a ciki yake, ranar da leda da ganyen darbejiya suka toshe shi, falo ruwan zai sauka.

Ga gargaɗin da nake so ka riƙe da hannu biyu. Gidaje da yawa na shekarun 1970 da 1980 silin ɗinsu na asbesto ne, wato fallen siminti mai wani irin zare a ciki, wasu har da rufin. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Masifar tana cikin ƙurarsa in an fasa, domin zaren da ke ciki yana maƙalewa a huhu, yana jawo ciwon daji da ba ya bayyana sai bayan shekara 20 ko fiye. Leburori kuwa al'adarsu su sa guduma su farfashe, ƙura ta turnuƙe. Kada ka bari. A fesa masa ruwa ya jiƙe, a zare ƙusoshin, a sauke kowane falle ɗungurungum, ma'aikata su sa takunkumin ƙura na ƙwarai, ba ƙyalle ba. A naɗe cikin leda mai kauri a fitar, kada a ba maƙwabci ya yi akurkin kaji, kada yara su shiga sai an goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Tsohon fenti mai mai shi ma yana iya ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, don haka a jiƙa shi kafin a kankare.

Sai ruwan ƙasa. Ɓarewar fentin nan da farin garin da ke fitowa, wanda muke cewa kanwa ta ci gini, danshi ne ke hawa cikin bulo kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Yakan tsaya kusan mita ɗaya, ya bushe, ya bar gishiri yana cin filasta. Tambayar ita ce daga ina danshin yake zuwa. A tsofaffin unguwanni amsar sau da yawa a ƙofar gida take: shekara arba'in ana ciko, ana tada titi, maƙwabta suna ɗaga nasu, har gidan da a da ake hawa matakala biyu a shiga ya koma ana gangarawa. Wani lokaci kuma tsohon bututu ne ke tsiyaya a ƙarƙashin daɓe, ko sokawe ta cika, ko fulawar da ake ba ruwa kullum a jikin bango.

Na taɓa zuwa duba wani gida da aka yi wa gyara shekara biyu kafin nan. Mai gidan ya gaji da kanwa, sai aka ba shi shawara ya lulluɓe ƙasan bangon da tayil ciki da waje. Danshin da ya rasa hanyar fita sai ya haura, fenti ya soma kumbura daidai saman layin tayil ɗin, a tsayin kafaɗa. Da na ƙwanƙwasa tayil ɗin da makullin mota sai na ji amon ganga. Muka ɓamɓare guda ɗaya, filastar bayansa ta biyo shi a hannu kamar jiƙaƙƙen tuwo. Ashe bututun banɗaki ne ya fashe a ƙasa, gyaran da bai kai kuɗin kwalin tayil biyar ba.

Saboda haka a kashe tushen tukuna. A sauke ƙasar da ta taru a jikin bango har daɓen ciki ya fi na waje tsawo da aƙalla inci 6, a zuba kankare kewaye da gidan mai gangara zuwa waje, a fitar da kwata ta sadu da ta titi. Sannan a sassaƙe ruɓaɓɓiyar filasta har a wuce inda danshin ya tsaya, a bar bulon ya sha iska makonni, a sake yaɓe da yashi mai tsabta da sinadarin hana ruwa. In gidan ya nutse ƙasa da titi sosai, dole a ɗaga daɓe: a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba sabon kankare a kai. Amma ka sani duk incin da ka ƙara a ƙasa ka rage shi a tsayin ƙofa da silin, don haka a yanke wannan shawara kafin a yi rufi, ko za a ƙara layin bulo ɗaya ko biyu a sama.

Tsagar ɗakin baya ita ce za ta raba gardama tsakanina da magininka. Siririya kamar gashi, wadda ta yi ta yawo a fuskar filasta, ba komai ba ce. Wadda ke ba ni tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, wadda ake gani ciki da waje, sama ta fi ƙasa buɗewa. Ka manna ɗan siminti kamar faɗin tafin hannu a kanta wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe. In bayan wata biyu mannin bai tsage ba, ginin ya daɗe da zama, sai a ɗinke da rodi a yaɓe. In ya tsage, ko faɗinta ya haura milimita 5, ka kira injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya haƙa gefen fandisho ya gani. Ka duba ko akwai bishiya ko sokawe kusa da wannan kusurwa. Ko da fandishon ne ya zauna a gefe ɗaya, akan iya tallafa masa daga ƙasa ba tare da an taɓa sauran gidan ba.

Wayarin kam ba na ciniki a kansa, a zare shi duka. An yi shi ne don fitila da fanka da rediyo, ba don firji da na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa ba, ga robar wayar ta bushe. Fitilar da ke yin ƙasa in an jona dutsen guga tana nuna waya ta yi wa lodin ƙanƙanta ko wani haɗi ya saki yana zafi, kuma daga nan gobarar silin ke tashi. Da lambar kauri ake sayen waya: mai 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, 4 ta na'urar sanyaya ɗaki da hita, kowanne da layinsa. A sa sabon akwatin rarraba wuta mai yanke kansa, a kafa sandar at a ƙasa, wato ƙarfen da ke janye wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa. Tunda an fasa bango, a ware layin fitilu da fanka don sola ko da ba yanzu za ka saya ba. Tsofaffin bututun ƙarfe su ma sun yi tsatsa sun tsuke, a maye su da bututun roba na PPR, a cika su da ruwa a bar su kwana a ga ba ɗigo kafin a rufe da filasta. A kwashe sokawe a duba murfinta, in kuma akwai rijiya a gidan, kada tazararsu ta gaza mita 15.

In kana sha'awar fasa bango don faɗaɗa falo, ka fara sanin ko rufi a kansa yake zaune. Bulo mai inci 9 yawanci yana ɗauke da kaya, amma a ƙananan gidaje har mai inci 6 akan ɗora wa rufi. A tokare, a zuba bim da rodi, sannan a fasa.

Ba komai ne na zubarwa ba. In daɓen na tarazo ne, a wanke shi da inji, zai fito fes kuma zai fi tayil ɗin kasuwa daɗewa, har ya ga jikokinka. Tagogin luba suna buɗewa gaba ɗaya iska ta ratsa, masu zugewa kuwa rabi kawai suke bayarwa. In ƙurar hunturu ce damuwar, canza na ɗakunan kwana ya isa.

Batun kuɗi, ka ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ka manta da su, domin tsohon gida sai an buɗe shi yake faɗin sauran ciwonsa. Ka biya mai ƙididdigar gini ya fitar maka da lissafin kaya dalla-dalla, ka sayi kayan da kanka, aikin hannu kuma ka ba da jinga mataki-mataki a rubuce. Kada kuɗi su riga aiki gaba. Ka fara da ɗaukewar ruwa a Oktoba don rufi ya kammala da sauran rani. Sai dai iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya kama, don haka a riƙa ba filasta da kankare ruwa safe da yamma har kwana 7, kada kuma a yi fenti sai bango ya bushe sarai.

Maganar Hajiya kuwa, ka ba ta haƙuri, ba a hana ta ba, layi ne bai zo kanta ba. A yi tayil a banɗaki da kicin yanzu, a sa silin mai sauƙi a ɗakuna, falon kuma a bar sabon rufin ya ga damina ɗaya kafin a ɗaura masa POP, don shi ɗigo ɗaya ke ɓata shi. Wannan makon dai ka manna simintin nan a kan tsagar, ka tura kafinta cikin silin, in ka samu hotunan abin da ya gani ka aiko mini.