Tambayoyinku: 'Yan sandan Amurka sun matsa wa ɗana a kan titi, ko dai shi ne bai da gaskiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ina da ɗa da yake karatu a Amurka, bara ya tara 'yan kuɗinsa na aikin da yake yi bayan lacca ya sayi mota, ba sabuwa ba ce amma tana da kyau gaskiya, baƙa mai gilas ɗin nan mai duhu. To tunda ya saye ta kusan duk wayar da za mu yi sai ya ce 'yan sanda sun tare shi, yau a ce bai sa sigina ba, gobe a ce abin ƙamshin da ya rataya a madubi yana kare masa hanya, wani lokacin ko tara ba sa rubutawa sai tambayoyi, motar waye, ina za ka, ko za mu iya duba but. Shi ya ce don baƙar fata ne da kuma irin motar, wai bature abokin zamansa ba a tare shi. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, ƙasar da ake cewa doka ce ke aiki ta yaya za a tare mutum haka kawai? Ko yaron nan ya shiga wata harka ne yana ɓoye min? Mahaifiyarsa ko barci ba ta iya yi. — Wani uba mai damuwa

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya tsare mana shi. Don Allah kada wannan ya sa ka fara zargin yaron nan, abin da yake faɗa maka abu ne da baƙaƙen fata a Amurka suka daɗe suna kuka da shi, kuma an yi bincike, an je kotu, gwamnati da kanta ta sha amsawa cewa yana faruwa.

Ka ce ta yaya za a tare mutum haka kawai a ƙasar doka, to ai abin takaicin shi ne dokar ce ta buɗe ƙofar. A 1996 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Whren, wasu samari baƙaƙe ne a birnin Washington cikin Nissan Pathfinder da 'yan sandan farin kaya suka ga ba su yarda da su ba, sai suka bi su suka tare su da hujjar sun karya kwana ba sigina. Alƙalai tara duka suka ce matuƙar akwai laifin tuƙi na gaske, komai ƙanƙantarsa, tsayarwar ta halatta, abin da ke zuciyar ɗan sandan ba shi ake dubawa ba a wannan ɓangaren. To Alhaji wane direba ne zai yi minti goma yana tuƙi bai taka layi ba ko bai ɗan wuce ƙa'idar gudu ba? Ka ga kenan mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki, ɗan sanda zai fara zaɓar wanda yake so ya bincika ne, daga baya ya jira laifin.

Kuma ba zato ba ne. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun tattara bayanan tsayar da motoci kusan miliyan 100, suka fitar da sakamakon a 2020, abin da ya fi tsaya min a rai a ciki shi ne da zarar duhu ya shiga, lokacin da ɗan sanda ba ya iya ganin fuskar direba daga nesa, sai kason baƙaƙen da ake tarewa ya ragu. Sun kuma gano ana caje motocin baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka a kan hujjar da ba ta kai wadda ake buƙata kafin a caje ta bature ba. A garin Ferguson ma rahoton Ma'aikatar Shari'a na 2015 ya nuna baƙaƙe su ne kashi 67 cikin 100 na mazauna amma su ne kashi 85 na waɗanda ake tarewa a mota, ana caje su fiye da ninki biyu, alhali an fi samun kayan laifi a wajen turawan da aka caje.

Maganar mota ma yaron ya yi gaskiya. Tun shekarun 1980 lokacin yaƙi da miyagun ƙwayoyi aka riƙa koya wa 'yan sandan manyan hanyoyi wasu alamomi wai na masu safara, motar haya, lambar wata jiha, gilas mai duhu, abin ƙamshi da yawa, irin abubuwan da rabin mutanen kirki ke da su. Sai aka haɗa da fata, saurayi baƙi a mota mai tsada a ce ina ya samu, in kuma tsohuwa ce a ce ƙila ba inshora. A 1992 an tare wani lauya da ya yi karatu a Harvard, Robert Wilkins, a jihar Maryland, shi da danginsa suna dawowa daga jana'izar kakansa a motar haya, suka ƙi yarda a caje su, aka tsayar da su a cikin ruwan sama har aka kawo kare ya shinshina motar, ba a samu komai ba. Ya kai ƙara, a nan ne takardar 'yan sandan ta fito wadda ta ce a sa ido kan baƙaƙe masu motocin haya. Mutumin nan daga baya alƙalin kotun tarayya ya zama fa.

Ba zan ɓoye maka ba, tsoron Hajiya yana da tushe. Philando Castile, wani baƙar fata da ɗan sanda ya harbe har lahira a Minnesota a 2016, an ce masa fitilar baya ce ta mutu, kafin ranar an tare shi sama da sau 40. Daunte Wright ma da 'yar sanda ta harbe har lahira a 2021, daga maganar rajistar mota da abin ƙamshi a madubi aka fara. Amma mafi yawan tsayarwa da tara ko gargaɗi take ƙarewa, shi ya sa abin da zan faɗa yanzu nake so ka karanta masa a waya.

Da ya ga fitilarsu a bayansa ya sa sigina ya yi fakin a gefen dama inda yake da haske, ya kashe mota, ya sauke gilas, in dare ne ya kunna fitilar ciki, hannuwansa biyu a kan sitiyari. Kada ya fito daga motar da sunan girmamawa, a can fitowa ba a ce ka fito ba barazana suke ɗaukarta. Kada ya fara lalube kafin a tambaye shi, in an nemi lasisi da takardar mota da inshora ya faɗa da baki inda suke, aljihun baya ne ko akwatin gaban fasinja, sannan ya miƙa hannu a hankali. In an ce ya fito ya fito, doka ta ba su wannan. Kuɗi kuwa ko da wasa kada ya nuna, babban laifi ne da zai iya cinye masa biza.

Amma ladabi ba ya nufin ya sallama haƙƙinsa. Ba dole ba ne ya faɗi inda ya fito ko inda ya samu kuɗin mota, kuma in sun ce ko za mu iya duba but, ai roƙo ne, yana da damar cewa ban yarda a caje motata ba, cikin natsuwa. In sun caje duk da haka kada ya hana su da hannu, a kotu ake wannan rigimar ba a bakin titi ba. Tun 2015 kuma Kotun Ƙoli ta ce ba a riƙe mutum bayan an gama maganar tara don kawai a jira kare sai da wani dalilin zargi, don haka yana iya tambaya, zan iya tafiya?

Bayan sun rabu ya rubuta rana da lokaci da wuri da sunan ɗan sandan da lambarsa, ya sa kyamara a gaban mota in da hali. Jami'o'i da yawa suna da ofishin lauyan ɗalibai, ga ƙungiyar ACLU mai kare haƙƙin jama'a, kuma takardun da ya tara su ne za su yi masa magana. Ya kuma binciki dokar inda yake don kowace jiha da tata, Philadelphia tun 2022 ta hana tare mota saboda ƙananan abubuwa irin su fitilar baya ɗaya ko abin da aka rataya a madubi, California kuma tun 2024 dole ɗan sanda ya faɗi dalilin tsayarwa kafin ya fara tambayoyi.

Gilas ɗin kuwa ya kai a auna duhunsa, in ya wuce ƙa'idar jihar a cire, abin ƙamshin ma ya sauke shi daga madubi. Raina ba ya so in ce wa yaron da bai yi laifi ba ya rage jin daɗin motar da ya saya da guminsa, amma waɗannan biyun su ne hujjar da suka fi saurin kamawa. Sayar da motar dai ban ba da shawara ba. A gaida Hajiya, kuma in ya sake kira ya ce an tare shi, ka fara tambayarsa lafiyarsa tukuna.